Sauƙaƙa Juzu'in Aljabara: Jagora ga Ɗalibai da Malaman Lissafi a Masama da Kewayenta

Juzu'in aljabara lissafin rabawa ne da aka rubuta hawa biyu, wani abu a sama, wani a ƙasa, da layi a tsakaninsu, wanda kuma ake samun harafi kamar x ko a cikin ɗaya daga hawan ko cikin duka biyun, harafin yana tsaye a madadin lambar da ba a ambata ba. Idan 3/4, wato uku bisa huɗu, juzu'i ne na lambobi zalla, to 3/x da (x + 1)/(x − 2) juzu'ai ne na aljabara, kuma dokar da ke tafiyar da na farkon ita ce ke tafiyar da na biyun ba ƙari ba ragi. Sauƙaƙawa kuwa ita ce a sake rubuta juzu'in a mafi gajertar siga ba tare da ƙimarsa ta canja ba, yadda duk lambar da ta halatta a sa a gurbin harafin, tsohuwar siga da sabuwa za su ba da amsa ɗaya.

Ɗalibin da ke Masama ko Kambaza ko Dalijan a Ƙaramar Hukumar Gwandu, ko takwaransa na Kalgo, yana fara cin karo da wannan darasi tun a ƙaramar sakandare, inda na ƙasa bai cika wuce gaɓa ɗaya ba, sa'annan ya sake tarar da shi a babbar sakandare ya yi nauyi, daga nan kuma darasin ya bi shi har zauren jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999, da kuma ta JAMB. Mai son karatun kimiyya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, ba shi da makawa sai ya sami kiredit a lissafi, kuma ko bayan ya shiga, juzu'in aljabara ba zai rabu da shi ba, domin yana cikin lissafin lantarki da na haske da na sinadarai. Abin lura shi ne, yawancin makin da ake asara a nan ba wuyar darasin ce ke cinye shi ba, gaggawar soke haruffa ce tun kafin a tabbatar an halatta soke su.

Fakta da gaɓa

Tushen aikin duka doka ɗaya ce: idan aka raba na sama da na ƙasa da abu iri ɗaya wanda ba sifili ba, ƙimar juzu'i ba ta canjawa. Saboda haka 12/18 ke komawa 2/3, domin 12 shi ne 6 × 2, 18 kuma 6 × 3, sai a raba kowanne da 6. Wannan 6 shi ake kira fakta, wato lamba ko harafi ko dunƙulen abu da aka ninka da wani aka sami abin da ke gaban mai lissafi. Abin da ake ce wa sokewa a aji, inda ake ja wa 6 layi sama da ƙasa, ba wani aiki ne dabam ba, rabawar ce aka taƙaita rubutunta, kuma duk wanda ya manta da haka alƙalaminsa zai riƙa soke duk abin da ya yi kama da juna.

Idan sama da ƙasa ninkawa ce zalla, aikin ba shi da wata sarƙaƙiya. A cikin 12x²y/18xy², inda x² ke nufin x sau x, ana raba lambobin da 6, a soke x ɗaya sama da ƙasa, a soke y ɗaya sama da ƙasa, sai a sami 2x/3y.

Matsala tana tasowa ne da zarar alamar tarawa ko ta ɗebewa ta shigo. Abubuwan da waɗannan alamomi biyu suka raba tsakaninsu su ake kira gaɓoɓi, jerinsu kuma a kira shi jeri. A cikin jerin x + 6, x gaɓa ce, 6 gaɓa ce, kuma babu ɗayansu da ya zama fakta ta jerin baki ɗaya. Don haka (x + 6)/(x + 2) ba ya sauƙaƙuwa ko kaɗan, ko da yake ido yana ganin x sama yana ganin x ƙasa, kuma hannu yana ƙaiƙayin soke su ya bar 6/2, wato 3. Hujjar ba ta buƙatar dogon bayani: a sa 2 a gurbin x, juzu'in ya zama 8/4, wato 2, ba 3 ba. Jerin da ke cikin baka tamkar damin gero yake a ɗaure: ana iya ɗaukar damin ɗungurungum a daidaita shi da wani dami irinsa, amma ba a zare zangarniya ɗaya daga cikinsa a ce har yanzu damin nan ne. Saboda haka a cikin 5(x + 2)/7(x + 2) ana soke (x + 2) gaba ɗayansa a bar 5/7, domin a nan bakan duka fakta ne, an ninka shi da 5 a sama, an ninka shi da 7 a ƙasa.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa, wato a raba gaɓa ɗaya a manta da 'yar'uwarta. Wanda aka ba (6x + 9)/3 ya rubuta 2x + 9 ya raba 6x da 3 ya bar 9 yadda take, alhali layin juzu'i ya ratsa ƙarƙashin gaɓoɓin biyu; amsar ita ce 2x + 3.

Gwajin sa lamba da aka yi a sama ya cancanci ya zama ɗabi'a, domin shi ne alƙalin da ɗalibi ke da shi a zauren jarrabawa inda babu malamin tambaya. Sai dai yana da sharaɗi: kada a gwada da 0 ko 1, domin waɗannan biyun sukan rufa wa kuskure asiri. A misalin (x + 6)/(x + 2), da 0 aka sa da an sami 6/2, wato daidai da amsar ƙaryar, mai lissafi ya tashi yana murna. Lambobi irin su 2 da 3 da 5 sun fi aminci. Haka nan, dacewar amsa sau ɗaya ba ta wanke hanyar da aka bi. Wanda ya soke 6 da 6 a cikin 16/64 zai sami 1/4, kuma amsar daidai ce, haka ma 19/95 da 26/65, amma sa'a ce kawai, kuma da ya gwada dabarar a kan 12/24 da ya ga ta watse.

Fitar da faktoci

Tunda fakta kaɗai ake sokewa, aikin farko a kan kowane juzu'i shi ne a mai da na sama da na ƙasa su zama ninkawa, kuma ba a ɗora alƙalamin sokewa sai an gama wannan. Hanyoyin da ake bukata a matakin sakandare ba su da yawa, kuma akwai wadda ya kamata a fara dubawa kullum, wato fitar da abin da duk gaɓoɓin suka yi tarayya a cikinsa. A cikin (3x + 12)/(x² + 4x), gaɓoɓin sama sun yi tarayya a 3, na ƙasa sun yi tarayya a x, sai juzu'in ya zama 3(x + 4)/x(x + 4), wanda ke komawa 3/x.

Hanya ta biyu ita ce bambancin murabba'ai biyu, murabba'i kuwa shi ne abin da aka ninka da kansa. Duk inda aka ɗebe murabba'i daga murabba'i, kamar a² − b², ana iya rubuta shi (a − b)(a + b), kuma mai shakka ya buɗe bakan ya gani: gaɓoɓin tsakiya biyu, ab da −ab, suna kashe juna. Da wannan x² − 9 ke zama (x − 3)(x + 3), 4x² − 1 kuma ya zama (2x − 1)(2x + 1). Dokar ta ɗebewa ce kawai. Jerin x² + 9 ba ya warwaruwa a wannan mataki, kuma wanda ya rubuta shi (x + 3)(x + 3) ya ƙara 6x da babu shi.

Ta uku ita ce jeri mai gaɓa uku irin x² + 5x + 6, inda ake neman lambobi biyu waɗanda idan aka ninka su za su ba da 6, idan aka tara su kuma su ba da 5. Su ne 2 da 3, don haka jerin shi ne (x + 2)(x + 3). Idan aka haɗa wannan da hanyar da ta gabata, ga yadda cikakken aiki ke tafiya:

(x² − 9)/(x² + 5x + 6) = (x − 3)(x + 3)/(x + 2)(x + 3) = (x − 3)/(x + 2)

Gwaji da 4 yana ba da 7/42 a farkon siga, da 1/6 a ƙarshenta, kuma abu ɗaya ne. A nan aikin ya ƙare, kuma a nan ne wasu ke ɓata shi bayan sun gama, su koma su soke x ɗin da ya rage.

Idan akwai lamba a gaban x², kamar 2x² + 7x + 3, sai a ninka ta da lambar ƙarshe, 2 × 3 ya ba da 6, a nemi biyun da ninkinsu 6 ne jimillarsu 7, wato 6 da 1, a tsaga gaɓar tsakiya da su: 2x² + 6x + x + 3. Daga nan a ɗauki gaɓoɓin bibbiyu, a sami 2x(x + 3) + 1(x + 3), wanda shi ne (2x + 1)(x + 3). Saboda haka (2x² + 7x + 3)/(4x² − 1) yana komawa (x + 3)/(2x − 1) bayan an soke (2x + 1). Wannan ɗauka bibbiyu ita ce kuma ke warware jeri mai gaɓa huɗu irin ax − ay + bx − by, wanda ke zama (a + b)(x − y). Gogaggen mai lissafi yana da wata dabara a nan: yakan fara da hawan da ya fi sauƙin warwarewa, domin mai shirya tambaya ba ya cewa a sauƙaƙa sai akwai abin sokewa, don haka ɗaya daga faktocin hawa mai sauƙi kusan kullum tana ɓoye a cikin mai wuyar.

Saura abubuwa biyu ƙanana masu yawan kayar da mutane. Na farko, a − b da b − a ba ɗaya ba ne, amma ba baƙin juna ba ne: 7 − 3 shi ne 4, 3 − 7 kuma −4, wato alama ce kawai ta bambanta su, don haka (a − b)/(b − a) shi ne −1. Da wannan (4 − x²)/(x² − 5x + 6) ke zama (2 − x)(2 + x)/(x − 2)(x − 3), a soke (2 − x) da (x − 2) a bar −1, amsa ta fito −(x + 2)/(x − 3), wadda ana iya rubuta ta (x + 2)/(3 − x). Idan amsar ɗalibi ba ta cikin zaɓin da aka jera a takardar tambaya, ya duba ko wannan sigar ta biyu ce aka sa. Na biyu, abin da aka soke ba ya zama sifili, 1 yake zama, tunda kowane abu idan aka raba shi da kansa 1 ne. Misali, (x + 2)/(x + 2)(x − 5) shi ne 1/(x − 5), ba x − 5 ba, ba kuma 0 ba.

Lambobin da aka hana

An ce a raba da abin da ba sifili ba, kuma wannan sharaɗi ba ado ba ne. Raba 6 da 0 yana nufin a samo lambar da idan aka ninka ta da 0 za ta ba da 6, kuma babu ita. Raba 0 da 0 kuwa kowace lamba ta dace, don haka babu takamaiman amsa. Duk lambar da za ta mai da na ƙasa sifili an hana sa ta a gurbin harafi, kuma a kanta ake cewa juzu'in ba shi da ma'ana. Ana nemo waɗannan lambobi daga na ƙasa tun kafin a soke komai. A misalin (x² − 9)/(x² + 5x + 6), an hana −2 da −3 duka biyun, ko da yake (x + 3) ya ɓace daga amsar ƙarshe. Wanda ya sa −3 a gajeriyar siga zai sami 6, alhali a ta asali 0/0 zai samu. Sigogin biyu daidai suke a ko'ina ban da wannan gurbi ɗaya.

Wani tsohon wasan masu lissafi yana nuna abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da wannan. A ɗauka a = b. A ninka kowane gefe da a, a sami a² = ab; a ɗebe b² daga kowane gefe, a sami a² − b² = ab − b², wato (a − b)(a + b) = b(a − b). A soke (a − b), saura a + b = b, kuma tunda a da b ɗaya ne, 2b = b, wato 2 = 1. Kowane mataki lafiya yake sai guda ɗaya: a − b sifili ne tun farko, kuma da shi aka raba.

Ninka juzu'ai da raba su kuwa ba su da wani sabon abu. Ana warware dukkan hawa zuwa faktoci, a soke duk faktar sama da ta dace da ta ƙasa ko da ba a juzu'i ɗaya suke ba, a ninka abin da ya rage. A rabawa ana kifar da juzu'i na biyu, na samansa ya koma ƙasa, a mai da alamar ta zama ninkawa, kuma sai an kifar ake fara sokewa. Misali, (x² − 1)/2x ÷ (x + 1)/4x² yana zama (x − 1)(x + 1)/2x × 4x²/(x + 1), wanda ke ba da 2x(x − 1).

Tarawa da ɗebewa, da darasin masu rabon gado

Ba a tara juzu'ai sai na ƙasansu ya zama ɗaya, kuma nemo wannan na ƙasa na tarayya shi ne ke gajiyar da ɗalibai. Abin mamaki shi ne, ƙasar Gwandu, inda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubuce-rubucensa har rasuwarsa a 1829, ta daɗe da sanin wannan aiki ta wata ƙofar, wato ilimin fara'ili na rabon gado, wanda ake karantawa a zaurukan malamai cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil. Kasonnin gado da aka ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, wato 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6, kuma mai rabo ba ya iya komai sai ya fara nemo asalin mas'ala, wato mafi ƙanƙantar lambar da duk na ƙasan za su shiga cikinta ba saura. Dangantakar aljabara da gado ma tsohuwa ce, domin littafin aljabara na Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban sashensa a kan lissafin wasiyya da gado yake, kuma layin nan da ke raba sama da ƙasa ana samunsa a rubutun al-Hassar, masanin hisabi na Magrib a ƙarni na 12, kafin Fibonacci ya yi amfani da shi a littafinsa na 1202.

Malaman fara'ili sun ce tsakanin lambobi biyu ba ya wuce hali huɗu, kuma halayen nan huɗu su ne dai ke tsakanin na ƙasan juzu'an aljabara, muddin an warware su zuwa faktoci tukuna.

Hali na farko shi ne tamasuli, inda lambobin iri ɗaya ne, kamar uba da uwa da kowannensu ke da sudusi idan mamaci ya bar ɗa namiji. Sai a ɗauki 6 ɗaya ta wadatar. Takwaransa shi ne 5x/(x + 1) + 5/(x + 1), inda ake tara na sama kawai a sami (5x + 5)/(x + 1), wanda bayan fitar da 5 ke komawa 5. Na biyu shi ne tadahuli, inda ƙaramar ke shiga cikin babbar, kamar rabin 'ya ɗaya da sudusin uwa. 2 tana cikin 6, sai a ɗauki babbar. A aljabara wannan hali yakan ɓuya, domin wanda ya kalli 1/(x − 2) − 4/(x² − 4) ba zai ga shigar ba sai ya rubuta x² − 4 a sigar (x − 2)(x + 2). Da ya yi haka, zai ninka juzu'i na farko sama da ƙasa da (x + 2), na sama ya zama x + 2 − 4, wato x − 2, a soke shi da ɗan'uwansa na ƙasa, amsa ta zama 1/(x + 2). Wanda bai lura ba ya ninka na ƙasan biyu kai tsaye zai iya isa ga amsar, amma ta hanya mai tsawo da ramukan kuskure.

Na uku shi ne tawafuƙi, inda babu wadda ta shiga cikin wata amma sun yi tarayya a wata fakta, kamar rubu'in miji da sudusin uwa idan mace ta rasu ta bar ɗa: 4 da 6 sun haɗu a 2, don haka asalin 12 ne, ba 24 ba, miji ya sami 3, uwa 2, ɗa ya ɗauki 7 da suka rage. Haka yake a 1/(x² + x) + 1/(x² − 1), inda na ƙasan su ne x(x + 1) da (x − 1)(x + 1); ana rubuta faktar tarayya sau ɗaya tak, asali ya zama x(x + 1)(x − 1), na sama ya zama (x − 1) + x, amsa kuma (2x − 1)/x(x + 1)(x − 1). Na huɗu shi ne tabayuni, inda ba su haɗu a komai ba, kamar sumunin mata da sulusi biyu na 'ya'ya mata biyu. 8 da 3 sai a ninka su a sami 24. Misalinsa shi ne 3/(x − 1) − 2/(x + 2), kuma a nan akwai tarko mafi shahara a duk darasin: na sama shi ne 3(x + 2) − 2(x − 1), kuma alamar ɗebewar da ke gaban 2 tana shafar duk abin da ke cikin bakan, don haka −2 sau −1 ya ba da +2, na sama ya zama x + 8. Mai gaggawa yakan rubuta −2 ya ƙare da x + 4. Maganin shi ne kada a tsallake layin da ke ɗauke da baka, komai ƙurewar lokaci. Gwaji da 2 kuma yana raba gardama, domin 3 − 1/2 shi ne 5/2, kuma 10/4 ne ya yi daidai da shi, ba 6/4 ba.

Kamancin yana da iyaka, kuma ya kamata malami ya faɗe ta. Idan kasonnin gado suka fi ƙarfin asali, kamar mata da 'ya'ya mata biyu da uba da uwa, inda 3 da 16 da 4 da 4 ke ba da 27 alhali asalin 24 ne, malamai sukan ɗaga asalin zuwa 27 don ragin ya shafi kowa, abin da ake kira auli. Wannan hukuncin fiƙihu ne na daidaita haƙƙoƙi. A aljabara 27/24 yana nan 27/24, abin da kawai za a yi masa shi ne a mai da shi 9/8.

Dangane da yadda ake barin amsa, ya fi kyau a bar na ƙasa a cikin bakansa, a buɗe na sama kaɗai, domin ta haka ake ganin ko saura abin sokewa. Kuma tunda masu duba takardun WAEC da NECO suna ba da maki ga hanyar aiki ban da na amsar ƙarshe, layin da aka nuna faktoci a fili yana da nasa lada ko da an yi tuntuɓe daga baya.

Wani ruɗani kuma yana zuwa daga darasin da ke maƙwabtaka da wannan, wato warware lissafin daidaito, mai alamar = da abu a kowane gefe. Idan aka ce x/2 + x/3 = 10, halal ne a ninka kowane gefe da 6 a kawar da na ƙasa, a sami 5x = 60, x ya zama 12, domin abin da aka yi wa dama an yi wa hagu. Amma idan x/2 + x/3 kawai aka bayar aka ce a sauƙaƙa, babu wani gefen da zai ɗauki nauyin ninkawar, don haka amsar 5x/6 ce, kuma wanda ya rubuta 5x ya ninka abin da aka ba shi sau shida.

Juzu'i mai juzu'i a cikinsa, irin (1 − 1/x)/(1 − 1/x²), kamanninsa ne kawai ke ba da tsoro. Ana nemo asalin ƙananan na ƙasan, a nan x², a ninka babban sama da babban ƙasa da shi, kowace gaɓa ta samu, sai a sami (x² − x)/(x² − 1), wato x(x − 1)/(x − 1)(x + 1), wanda ke komawa x/(x + 1).

Irin wannan juzu'i shi ke fitowa idan lissafin ya bar allo ya shiga harkar yau da kullum. Manomin rani da ke da injin ban ruwa biyu, ɗaya yana gama shayar da fadamar cikin awa a, ɗayan cikin awa b, idan ya tayar da su tare, a kowace awa suna cin 1/a + 1/b na aikin, wato (a + b)/ab, don haka za su gama cikin awa ab/(a + b). Mai awa 6 da mai awa 3 tare awa 2 za su yi. Wannan siga ita ce ɗalibin kimiyya zai sake gani a lissafin turjiyar wayoyin lantarki biyu da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa. Haka kuma motar da ta tashi daga Masama zuwa Birnin Kebbi da gudun kilomita u a awa, ta dawo da gudun v, idan nisan d ne, lokacin da ta ci shi ne d/u + d/v, wato d(u + v)/uv, tafiyar duka kuma 2d ce; idan aka raba tafiyar da lokacin, d fakta ce sama da ƙasa, sai ta soke, matsakaicin gudu ya zama 2uv/(u + v), wanda ke nuna cewa ba a ma bukatar sanin nisan. Idan an je da gudun 60 aka dawo da gudun 40, amsar ita ce 4800/100, wato kilomita 48 a awa, ba 50 da ake zato ba, saboda motar ta fi daɗewa a kan hanya a lokacin da take tafiya a hankali.